Shatin Yatsan Ummi a Dutsen Iya

Ba zan faɗi sunana ba, don ina da 'ya, kuma wata rana za ta iya karatu. Amma ku sani, ba da sata aka haife ni ba. A Yalwawa nake aure, cikin Dutse, a gidan haya mai ɗaki huɗu da rijiya ɗaya. Aji huɗu na yi a firamare. Rubutun nan ma a gidan yari na ƙarasa koyonsa, sai ku yi haƙuri da shi.

Sana'ata shirya duwatsun wuya, a wurin kakata na koya. Mata kan kawo tsakiya ko murjani irin na gado da zarensu ya ruɓe, in wanke, in sake zare. Har daga Kiyawa ake aiko mini, ba a ko ƙirgawa, don an san ba na taɓa kayan mutane.

Maigidana ya tafi ci-rani kudu. Da fari yana aike, daga baya wayarsa ta daina shiga. Ya bar ni da 'yar fari, wadda muke ce wa Ummi, yarinya mai yawan laulayi. Ni kuma Allah Ya yi ni da fargaba. In ta yi tari sau ɗaya, sai in ga kamar shi ke nan. Kullum bayan hannuna yana kan goshinta.

Ɗakin da ke kallon nawa na Iya Gambo ne, tsohuwa mai sayar da daddawa da kuka, wadda yanar ido ta soma hana ta gani. Ita ke goya Ummi in zan fita. Takan ce, "Ke 'yar nan, tsoron nan naki zai kayar da ke tun zazzaɓi bai kayar da yarinyar ba."

Don in ƙara abin yi, na shiga koyon sana'a a gidan wata Hajiya a Takur. Can na fara ganin abin da ake kira rezin. Wani irin gam ne mai ruwa biyu, kowanne da robarsa. Muddin suna rabe, ruwa ne kawai. In aka auna aka gauraya, sai kofin ya ɗauki ɗumi, ya soma kauri kamar zuma, kafin kwana ɗaya ya zama kamar gilashi. Da shi muke zuba farantai da maƙalan mukulli. Hajiya ta ja mana kunne. Ta ce, "Yana ruwa, naki ne. Ya daskare, ya fi ƙarfinki. Ba ya komawa ruwa, damina ba ta cin sa, gara ba ta cin sa. Ƙuda in ya faɗa ciki, jikokinki ma sai sun gan shi." Muka yi dariya.

Farkon abin ba da niyya ba ne. Ina wanke tsakiyar wata mata daga Kiyawa, ɗaya ta suɓuce ta faɗi kan daɓe ta rabe biyu. Tsoro ya hana ni faɗa. Sai na tuna da rezin. Na haɗa launi ja da ruwan ƙasa, na zuba garin dutse kaɗan don ya yi nauyi, na soka tsinken tsintsiya mai shafe da mai don ya bar ƙofar zare. Da ya daskare na goge shi, na murje da toka ya yi kamar ya tsufa. Matar ta karɓa tana sa mini albarka. Da ta gane a ranar, da ta cece ni.

Ba a yi wata biyu ba Ummi ta kwanta, aka ce sai an ƙara mata jini. A lokacin akwai tsakiyar wata a hannuna. Na cire biyu na gaske, na kai wa wani mai sayen tsofaffin duwatsu ranar kasuwar Shuwarin. Ya ɗora a kuncinsa ya ji sanyinsu, ya ƙwanƙwasa a haƙorinsa, ya biya bai tambaye ni komai ba. Na ce wa kaina don Ummi ne.

To, ga inda ba ni da abin fakewa. Ummi ta warke, ni ban daina ba. Sai in ce, in ta sake kwantawa fa? In cire ɗaya a nan, uku a can. In aka cakuɗa na ƙarya cikin na gaske, wuya ba ya jin bambanci.

Ran nan Iya ta fito da wani ƙullin tsumma daga cikin kumbonta. Tsakiya tara ce, manya, gadon mahaifiyarta. Ta ce, "Sake mini zare, 'yar nan. Wannan da kike gani idona ne. In kaka ta yi zan sayar a cire mini yanar nan, in ga fuskar kishiyar tawa da kyau." Ummi take tsokana da haka, Ummi na bayanta tana jan ɗankwalinta.

Kwana uku ƙullin yana ɗakina ina kallonsa. Abin da Shaiɗan ya raɗa mini shi ne, ai ba ta gani. Na zuba tara cif.

Da hantsi na jera su a bayan ƙofa suna daskarewa, na fita jan ruwa. Ummi, lokacin ba ta daɗe da yaye ba, ta shiga ta dangwala yatsa a cikin ɗaya. Abin ya manne mata, ta ruga wurin Iya tana kuka. Iya ta wanke da ruwa ya ƙi fita, sai da ta murza da man gyaɗa. Ta ɗaga murya ta ce, "Me yarinyar nan ta taɓo haka?" Na ce gam ɗin farantai ne. Ta ce in riƙa ɗagawa sama.

Shatin yatsan ya zauna a jikin dutsen, ɗan rami kamar gurbin ƙwayar wake. Na goga, ya yi zurfi. Launin da na haɗa kuma ya ƙare. Sai na sa shi can kusa da ƙulli, inda yake kwanciya a ƙeya, na mayar wa Iya na ƙaryar, na gasken kuwa na sayar. Ta ce Allah Ya raya mini Ummi.

Da kaka ta yi, ɗan ƙaninta Malam Sale ya kai wa wani maƙerin zinare. Mutumin ya riƙe su kawai ya ce sun yi ɗumi, dutse ba ya haka. Ya gasa allura ya ɗora. Allurar ta shige, warin ƙonanniyar roba ya tashi.

Malam Sale ya dawo ya tsaya a tsakar gida, maƙwabta suka fito. Na ce a kasuwa aka musanya masa. Na rantse, na sake rantsewa. Iya tana zaune kan tabarma, tana bin duwatsun da babban yatsanta ɗaya bayan ɗaya kamar mai jan carbi. Da ta zo kusa da ƙulli sai ta tsaya. Ta ce, "Miƙo mini Ummi."

Ta kama ɗan yatsan yarinyar ta sa a ramin. Ya zauna daram.

Ta ce, a hankali, "Ni na goge mata da man gyaɗa. Bar rantsuwar nan haka, 'yar nan, Allah Yana ji."

Iya ba ta so a kai ni ƙara ba, amma magana ta riga ta fita. Kafin mako, duk matar da na taɓa yi wa aiki ta gasa allura. Mai sayen duwatsun ya ce bai taɓa ganina ba, na gasken kuma sun bi duniya. Alƙali ya ba ni shekara biyu da rabi.

Ranar da za a tafi da ni aka rasa mai ɗaukar Ummi. Mahaifiyata ta rasu, dangin mijina suka ce ba su da wuri. Iya ta lalubo zaninta ta ce, "A ɗora mini ita. Yarinya ba ta saci komai ba."

Ba zan ba ku labarin gidan yari da yawa ba. Ba yunwa ce ta fi ci mini rai ba, ba kuɗin cizo ba. Hannuna ne, da ya saba da goshin yarinya, ya rasa inda zai sauka. In na ji tarin yaro ta bayan katanga sai in miƙe in kasa kunne. Ni da na yi sata wai don kada wani abu ya raba ni da ita, ni na raba mu da hannuna.

Da na fito, gidan na nufa. Na tarar idon Iya ya rufe gaba ɗaya, fari fat. Wata yarinya doguwa tana tsince mata kuka a faifai. Na ce, "Ummi." Ta kewaya bayan Iya ta ce, "Iya, kin yi baƙuwa."

Na durƙusa na nemi gafara. Iya ta juyo da fuskarta wajen muryata. Ta ce, "Takwas cikin duwatsun nan naki na sa aka watsar a juji. Damina biyu ta wuce a kansu, yara suka tono su suna wasa, wai ko tsagewa ba su yi ba, sai dai rana ta sa sun yi rawaya. Kayan naki da ƙarko." Ta kwance bakin zaninta ta miƙo mini na taran. "Nawa na yafe. Ido kuwa, yafiya ba ta buɗe shi."

Na lallashi Ummi da ƙyar ta ba ni hannunta. Na sa yatsanta a ramin. Ya ƙi shiga. Yatsa ya girma, rami yana nan yadda yake ranar da hantsi. Ta janye hannunta ta koma jikin Iya.

Yanzu awara nake soyawa a bakin titi, ina tara abin da zan kai Iya asibitin ido, in Allah Ya sa ba a makara ba. Na tuba, kuma ina bin matan nan gida gida ina roƙonsu. Wasu sun yafe, wasu sun rufe mini ƙofa, ban ga laifinsu ba. Ummi har yau ɗakin Iya take kwana. Ta fara karɓar abu daga hannuna, amma ba ta ce mini Umma ba tukuna.

Ƙannena, musamman ku masu goyo, abin da nake roƙonku ke nan. In kayan amana ya fashe a hannunki, ɗauki ɓangarorin biyu ki kai wa mai shi a ranar, ki sha faɗan, kwana ɗaya ne. In ɗanki ya kwanta ba ki da ko sisi, buga ƙofar maƙwabciya ki roƙa. Da na roƙi Iya, na san da ta cire ɗaya ta ba ni. Kada ki ce don ɗanki kike yi, shi zai fara biya. Dutsen yana ɗaure a bakin zanina. Duk sanda tsoro ya zo mini da wata dabara, sai in lalubi ramin nan da yatsa, in koma kan kaskona.