Yatsun Batula Mai Kitso

Duk macen da ta taso a unguwarmu a Kurfi ta san zafin hannun Inna Batula. In ta matse kanki tsakanin gwiwoyinta ta fara ja, har girarki sai ta ɗaga, kuma in kin yi ƙorafi ta ƙwanƙwashe ki da tsinken kitso. Ni maƙwabciyarta ce, na sha rantsuwar na daina zuwa, na kuma sha komawa, don kitsonta ba ya tsefewa da wuri.

Mace ce marar tsoro, in ka ɗauke abu guda. Mahaifiyarta, Gogo, shanyewar jiki ce ta kwantar da ita shekaru, Batula ce mai juya ta, mai wanke ta. Ko da wasa ba ta son a ambaci ciwon nan a gabanta.

Bayan wani zazzaɓi da ya ramar da ita ne aka rubuta mata ƙwayar bitamin B a asibiti, aka ce ta sha na ɗan lokaci. Ta ji ƙarfi, sai ta zarce. Ga mutanenmu kuma, ba ma zuwa dubiya hannu rabbana. Ɗanta Khalil ya aiko da wata kwalbar magani daga Kano, ƙanwarta ta kawo na ruwa mai ƙara cin abinci, surukarta ta kawo na jijiya. Batula ba ta iya watsa wa mutum ƙasa a ido. Ta tara su a langa mai murfi, kullum safe da yamma sai ta bi kowanne ta ba shi haƙƙinsa, wai ai duk ƙarin lafiya ne.

Bayan watanni ta fara jin kamar kiyashi na yawo a tafin ƙafarta, daga baya ya hau yatsun hannu. Gashi ya riƙa sulɓe mata. Ba ta gaya wa kowa ba, sai ta ƙara yawan na jijiyar, tunda an ce shi ne maganin irin wannan.

Ranar da hankalina ya tashi, ina zaune tana dama kunu a tsakar gida, na ji ƙauri. Na duba, ashe garwashi ta taka, tana tsaye a kai tana ba ni labari. Ta kalli ƙafar, ta kalle ni.

"Sumayya, ciwon Gogo ne ya zo mani. Wa zai juya ni?"

Na ji tsoro ƙwarai, don ban taɓa ganin ta haka ba. Washegari muka tafi asibitin Dutsin-Ma, tana rungume da langarta. Likita ya auna jini da suga, ya sa ta ɗaga hannuwa ta taka, sannan ya jera kwalaben yana karantawa. Ya ce ba shanyewar jiki ba ce. Sunayen magungunan ne daban-daban, amma kowanne da bitamin B6 a ciki, shi kuma in ya yi yawa aka daɗe ana sha, jijiyar da ake neman gyarawa yake lalatawa. Ya ce ta ajiye su duka, kada ta ƙara haɗa magani sai ta nuna wa ma'aikacin lafiya. Da ta tambayi yatsunta, bai ɓoye mata ba, ya ce a hankali jin yake dawowa, wani lokacin kuma ba ya dawowa duka.

Tun daga nan kullum da safe take zama bakin ƙofa tana tsikarar yatsunta ɗaya bayan ɗaya da tsinken kitso. Ni nake kai mata kaina don kada ta zauna shiru. Kitson sakwa-sakwa, ko zafi babu, ni da nake ƙorafi na koma kewar ja.

Jiya ina zaune tsakanin gwiwoyinta, tsinken ya kauce ya soki ɗan yatsanta. Ta zabura ta yi ƙara. Na waiwaya na ga tana kallon ɗigon jinin, hawaye na zuba.

"Na ji shi," ta ce. "Saura tara. Juya kanki."