Damin Inna Hassi

Ina zaune ƙofar gida sai ga Inna Hassi, tsohuwar maƙwabciyarmu, da rabin damin gero a ka.

A unguwarmu a Sabon Birni, duk kaka kowane gida kan kawo dami guda, a dama fura a sha a filin kokawa, mai shela yana kiran gidajen ɗaya bayan ɗaya. Shekarar nan ruwa ya ɗauke tun gero bai yi ido ba. Na shaida wa dattawa ko zangarniya ban samu ba, alhali dami tara na ɓoye a rumbun wana a Tsamaye.

Inna Hassi ta sauke geron, tana haki.

"Ɗana, kai masu wanga da sunanka. Babanka bai taɓa bari an tsallake gidanga ba."

"Inna, ke fa?"

"Ni tsohuwa, in an tsallake ni wa za shi lura?"

Na karɓa, wallahi. Aka kira gidanmu, aka yi guɗa. Nata aka wuce.

Har ta rasu kullum cewa nake gobe za ni gaya mata.

Jama'a, in ku ne, da wane baki za ku fara?