Ƙafar da Ta Iya Zaman Tahiya

Amatullahi 'yar Kawu Jika na unguwar Dilimi tun tana rarrafe take kwance kayan mutane. Rediyon gidansu in ya ga ta shigo, da kansa yake yin shiru. Mu taubasanta mun ce ko aure aka yi mata, sai ta kwance mijin ta ga abin da ke ciki.

Tana jami'a motar hayar Kawu ta kife a Titin Bauchi, aka yanke masa ƙafar hagu. An sa masa ta roba, tana tafiya garau, amma idon sawunta ba ya lanƙwasa. Mutumin da ke sahun gaba tun kafin a haifi liman, sai ga shi kan kujera can gefe. Bai taɓa ƙorafi ba. Ita dai ta lura sai masallaci ya watse yake fitowa da kujerar.

Shi ne ta nutse cikin karatun ƙera kayan asibiti, digiri kan digiri. Farfesa Badung, mai duba aikinta, ya ce, "Ƙafa ai tafiya ake so ta yi. Ke me ya sa kike so ta kwanta?"

"Oga, a tahiya kan ta hagu ake zama."

Ta durƙusa a ofis ta nuna masa. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "To, mun samu aiki."

Ƙafafun da ta ƙera suka ƙi, da za a jera su, sai su tashi daga Dilimi su kai unguwar Laranto su dawo. Wata ta sandare a ruku'u. Wata ƙara take kamar ƙyauren shago, har liman ya yi rafkanwa. Kawu ya ce, "Uwata, bar ni da kujerata." Ta yi kamar da bango yake.

Ranar da malamai suka gama yi mata tambayoyi suka ce "Dakta", ko hoto ba ta tsaya ba. Ta hau keke sai Dilimi, ta laɓe a tagar masallaci, ana la'asar. Ga Kawu a sahun gaba da sabuwar ƙafa. Ya yi sujada, ya ɗago, ƙafar ta kwanta luf, ya zauna a kanta.

Aka sallame, aka yi addu'a, bai motsa ba. Ladan ya taɓa shi.

"Alhaji, ko ta maƙale ne?"

"Ta maƙale a ina? Ku tafi abinku, ina nan har magariba."