Gwangwanin biskit ɗin da na ɓoye a asibiti

Shekarun baya, lokacin da korona ta rufe Doha, ina aikin nas a wani asibiti, a ɓangaren masu fama da numfashi. Ina da wani gwangwanin biskit da nake ɓoyewa a bayan kwalayen auduga a sito, kuma babu biskit ko ɗaya a ciki. Kanula ce ta sa ruwa a jijiya, da sirinji, da filasta, da 'yar robar da ke haɗa bututun iska da takunkumi, da allurar adirenalin ta ceton gaggawa.

Gado na yi. Mahaifiyata nas ce a Jos har ta yi ritaya, ita ta koya mini cewa nas mai hankali tana da ma'ajiyarta, don ranar da mara lafiya zai sheme a ce kaya sun ƙare. Na zo ƙasar da sito yake cike maƙil, amma hali ya biyo ni har cikin jirgi.

Kuma gwangwanin ya yi rana. In ka shiga ɗakin mai korona cikin kayan kariya, ba ka fita. Abin da ka rasa sai ka buga gilashi, na waje ya tafi nema, mutum kuwa yana gabanka yana kokawa da numfashi. Kayan suna nan, inda suke ne ba a sani ba. Ni dai kafin in shiga sai in cika aljihuna daga gwangwani, ina jin kaina gwana.

Ana haka aka kawo mana wata mata 'yar Japan, wai za ta koya mana kaizen, wato gyara aiki kaɗan-kaɗan kullum. Abokiyata, 'yar Kaduna da muke ɗaki ɗaya a unguwar Bin Omran, ta taɓe baki ta ce, “Mutane suna mutuwa, an kawo mana mai koya shara.”

Matar ba ta tara mu lacca ba. Ta manna filasta a ƙasa, ta yi ɗan zagaye a tsakiyar baranda, ta shiga ciki ta tsaya tana kallo tun safe har azahar. In ka wuce ta ɗan rusuna maka. Washegari ma haka. Ni har tausayinta na fara ji, ashe ni ce abin tausayi, don duk shigata sito a idonta ne.

Wata safiya ta biyo ni, ta same ni hannu dumu-dumu cikin gwangwani. Na fara tunanin yadda zan yi wa Mama bayanin dawowata gida.

“Sista, me ya sa kike ajiye waɗannan?” ta tambaye ni a hankali.

Na ce saboda in na nema ba na samu da wuri.

“Me ya sa ba kya samu da wuri?”

Na ce sito yana da nisa, kuma kowa inda ya ga dama yake ajiyewa. Ta sake cewa me ya sa. Haka ta yi ta bina da me ya sa har na fara jin haushi. Sai ta karɓi gwangwanin da hannu biyu kamar an miƙa mata kyautar biki, idonta yana ƙyalli, ta ce, “Wannan shi ne abin da nake nema. Kin riga kin gano abin da mara lafiya yake bukata. Saura wanda ba ke ce a kansa ba, shi ma ya samu.”

Maganar nan ta shige ni. Ban taɓa tunanin majinyacin ɗakin da ke kusa ba.

Ranar aka ce kowa ya fito da ma'ajiyarsa, ba hukunci. Jama'a, sai ga kaya. 'Yan Indiya, 'yan Filifin, har abokiyata mai taɓe baki ta fito da nata daga cikin tsohon fulas. Muka zube su a tebur muna ta dariya. Daga nan muka tsara ƙaramin akwati, kowane abu da gurbinsa da zanen siffarsa a ƙasa, in an ɗauke ko daga nesa ka ga wajen fanko. Kowane ɗaki da nasa, tsari iri ɗaya. Muka yi ta gyara shi mako bayan mako. Ni na dage a sa adirenalin a sama ta hagu, inda yake a gwangwanina. Buga gilashi ya ragu sosai, ni kuwa na zama mai wa'azin kaizen har a coci.

Matar ta koma ƙasarsu kafin gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa da aka yi a nan. Najeriya ba ta samu zuwa ba, amma ni na je, don an tura ni wani ƙaramin ɗakin agaji kusa da filin wasa na Lusail, kuma da akwatunanmu aka tafi. Abokiyar aikina wata nas ce 'yar Filifin da ban taɓa gani ba sai da safen nan, amma ita ma da irin akwatin nan take aiki a ɓangarensu.

Da rana tsaka, ana ta ganguna da ihu a waje, wani mutum ya shigo ɗauke da matarsa. Da alama ta ci wani abu da jikinta ba ya so, leɓɓanta sun kumbura, maƙogwaronta yana toshewa. Ba ma jin yarensa, shi ma ba ya jin namu. Na riƙe kanta ina ƙoƙarin buɗe mata hanyar iska, hannuwana biyu duk a cike. Na ce, “Yalla, adirenalin,” wato a yi maza. Ban faɗi inda yake ba. 'Yar Filifin ta buɗe akwati, hannunta ya tafi sama ta hagu kai tsaye, ta soka allurar a cinya.

Muka jira. Sai matar ta ja wani dogon numfashi mai ƙara, ta sake ja. Mijin ya zube ƙasa yana kuka. Da motar asibiti ta tafi da su, na rungume 'yar Filifin ina tsalle ina ce mata, “Gwangwanina ne, gwangwanina ne.” Ta dube ni kamar na zautu, amma ta taya ni tsallen.

Har yau in na tuna sai in ji daɗi ya cika ni. Dabarar da na riƙe a ɓoye majinyatana kaɗai ta amfana, da ta fito fili sai ta ceci matar da ko sunanta ban sani ba, ta hannun wata ba ni ba.

Da yamman nan na kira mahaifiyata na ba ta labari. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, “To yanzu ina kike ɓoye naki?”

Na ce, “Mama, ba na ɓoye komai.”

“Ko sirinji ɗaya?”

Na laluba aljihuna, biro kawai na samu. Na faɗa mata. Ta ce, “Mu ba mu taɓa samun wajen da za mu yi haka ba. In kin zo hutu, ki taho mini da akwatin in gani.”