Gwadabe da Giyar Itace

Malam Gwadabe bai taɓa yarda da abin da bai san asalinsa ba. Ko sabon ma'aikaci aka kawo kamfaninmu na fenti a Sharada, sai ya ji ɗan wace unguwa ne, wane ne kakansa, kafin ya sa hannu a kwano ɗaya da shi. Shi ne mai kula da sito, shi ne kuma limaminmu a rumfar bayan janareta tun ina sabon zuwa. Ina ƙaunar mutumin nan, amma wallahi zarginsa yana gajiyar da ni.

Da 'yarsa Aina'u ta shiga karatun kimiyyar sinadarai, sai ya dinga kai mata sunayen da ke jikin duro-duron sito, yana tambayar asalinsu. Wani ta ce daga sunan tururuwa aka samo shi a Latin, ya sha dariya. Har aka zo kan metanol, ruwan da yake ɗura wa masu haɗa fenti kullum.

Ta ce, "Baba, wannan Girkanci ne, kalma biyu aka haɗa, giya da itace."

"Giya kika ce?"

"Suna ne kawai, Baba. Guba ce, ba a sha."

Washegari ya tare ni a bakin sito, ido jajur. "Baffa, ka ga dalilin da suka rubuta shi da yaren da ba ma ji? Giya nake ɗauka, ta zubo mini a riga, in zo in tsaya a gabanku ina kabbara!"

Muka kai shi wurin wani malami, ya ce sallarsa ta yi, babu komai. Muna fitowa Gwadabe ya ce ai malamin nan yana karɓar shinkafar manajanmu duk azumi. Ya ware rigar salla daban, ya dirje jiki da sabulu, duk da haka ya ce warin na cikin fata. Aikin ba ya baruwa, ga iyali. Limancin ya ajiye.

Yanzu Muhyiddeen direba ke jan mu salla, Gwadabe kuwa yana can ƙarshen sahun baya. Jiya da azahar na matsa don kafaɗunmu su haɗu, kamar yadda shi ya koya mana. Sai ya janye, ya ce a hankali, "Bari, Baffa, kar in ɓata maka taka sallar."