Inna Mai Salwa da Ƙwan da Ba Magani Ba

Kafin rana ta leƙo kan katanga, Inna Mai Salwa ta riga ta shiga ɗakin bayan gida da tsintsiya a hannu. Za ta zaro farantan kashi daga ƙarƙashin kejuna, ta wanke mazuban ruwa, ta mayar da tsakuwan da take jerawa a ciki don kada 'yan tsaki su faɗa su nutse. Rufin kowane keji ta manna masa tsohon buhu ta ciki, saboda salwa akwai firgita: ƙofa na bugawa sai ta yi sama ta fasa kai. Da yamma ta bi da kwano tana tsintar ƙwai tana yi wa tsuntsayen faɗa, wai ci kamar gara, ƙwan kuma bai fi kan babban yatsa ba. Jikokinta kan ce ta fi saurin jin tarin salwa a kan nasu.

A wannan watan ta ajiye kiwon, gwiwoyi sun ƙi. Da aka ce za a yi rubutu a kanta, rufe fuska ta yi da gefen mayafi, ta ce a nemi wani dai, ita akwai abin kunya a bayanta. Abin kunyar nan kuwa shi ya sa ake rubutun.

An yi wani lokaci da magana ta bazu cewa ƙwan salwa na maganin komai, daga hawan jini har furfura. Mutanen da a da ke toshe hanci in sun bi ta ƙofarta suka koma yin layi da kwanuka. Inna ba ta taɓa cewa magani ne da bakinta ba. Amma in mai saye ya tambaya, sai ta kau da kai ta ce, "Haka dai ake faɗa." Ciniki ya yi daɗi, ta ƙara kejuna, ta sayi injin ƙyanƙyasa, tunda salwar gida ba ta kwanci.

Cikin masu layin akwai tela, maƙwabcinta na katanga ɗaya, mai fama da hawan jini. Ya ji "haka ake faɗa" daga bakin da bai taɓa yi masa ƙarya ba, sai ya tura ƙwayoyin asibiti ƙarƙashin katifa, ya koma shan ɗanyen ƙwai kullum safiya. Wata rana da hantsi ya kife a kan keken ɗinkinsa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da matarsa ta ɗaga katifa ta ga ƙwayoyin a jere ba a ko ɓare ba, ba ta yi ihu ba. Tattara su ta yi ta kai wa Inna har ɗakin salwa, ta ajiye a kan keji, ta juya.

Inna ta ce a ranar, da ƙasa za ta tsage, da ta shige. Ba wanda ya zage ta, kuma wannan ya fi yi mata ciwo. Kwanaki ta kasa taka ƙofar gida. Ɗanta ya ce ai ba ita ta ce wa tela ya bar magani ba, ta kwantar da hankalinta. Ta ce masa ita ta san abin da ta gani a idon mutumin sanda ya tambaye ta, ta kuma san dalilin da ya sa ta kau da kai.

Daga nan ta yafa mayafi ta bi gidajen masu sayen ƙwanta ɗaya bayan ɗaya. Kowane gida ta tsaya daga bakin ƙofa, kanta a ƙasa, ta ce abinci take sayarwa, ba magani ba, wanda likita ya ba ƙwaya ya koma mata yau. Wasu suka yi mata dariya, wasu suka koma wurin masu cewa magani ne. Layi ya watse, har sai da ta yanka rabin tsuntsayen ta sayar da naman. Gidan tela kuwa ba ta fasa shiga ba, ko da matarsa na amsa gaisuwa da ƙyar. Ita ke riƙe masa kafaɗa zuwa asibiti, ita ke tsayawa sai ta ga ya haɗiye ƙwayarsa. Da ta ga keken ɗinki ya yi ƙura, ta ɗauko keji ɗaya da 'yan tsaki ta kai wa matar, ta koya mata tun daga jera tsakuwa a ruwa.

Inna, ke ce kika ɗauki kunyarki a kai kika zaga da ita gida-gida, alhali ba wanda ya tilasta miki. Da yawanmu da mun yi shiru, mu ce ƙaddara ce. Mai gaskiya ko da ciniki zai mutu, mun gode miki.

Ranar da aka kwashe sauran kejunan zuwa gidan tela, yana zaune a tabarma da sandarsa. Da harshensa mai nauyi ya ce, "Inna, ki daina sunkuyar da kai a gabana. Ni na ɓoye maganina."

Ta ce, "Kai ka ɓoye, ni kuma na yi shiru."

Ana cikin haka wata mata ta yi sallama da kwano, ta tambaya ko gaskiya ne ƙwan nan na saukar da jini. Matar tela ba ta kau da kai ba. Ta ce, "Abinci ne, Yaya. Ga mijina nan, ki dube shi. Kina shan maganinki?" Inna ta ja mayafi ta share ido, kuma a karon farko tun faɗuwar tela ta zauna a gidan har aka ba ta ruwa ta sha.

Allah Ya saka miki da alheri, Inna, Ya sassauta wa gwiwoyin nan. Mu kuma masu sana'a, in mai saye ya dube mu ya tambaya, mu dube shi mu ba shi amsa.