Sunan da Kogi Ya Riƙe

A gidanmu na titin Grand Concourse, a unguwar Bronx ta Amirka, babu murhu babu itace, sai tsohuwar hita ta ɗumama ɗaki a gindin taga mai huci kamar an ɓata mata rai. Nan Inna, mahaifiyar babana, take shimfiɗa darduma bayan magariba, ta miƙe ƙafafu, ta kira ni da ƙanena Sani. Daga Maraɗi aka ɗauko ta don ta yi renonmu, kuma har ta koma ga Allah ba ta yarda cewa hita wuta ce ba. Takan ce wutar da ba a gasa gyaɗa a kanta sunan wuta kawai ta ara.

Mahaifiyata baƙar fatar Amirka ce, haifaffiyar Harlem, ta musulunta kafin ta auri babana. Hausarta ba ta wuce gaisuwa da sunayen abinci ba, Inna kuwa ba ta jin Turanci, ni ce tafintarsu. Duk Juma'a Inna kan ɗora tanda ta soya masar sadaka, tana juyawa tana ambaton mamatanta ɗaya bayan ɗaya. Wata Juma'ar ta ce in gaya wa Mama ta kawo nata mamatan a haɗa. Mama ta faɗi iyayenta da kakarta, sai ta tsaya. Ta ce akwai kakar kakarta, wadda dangi ke cewa 'yar ƙabilar Cherokee ce, mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar nan. An ce gashinta har gadon baya, an ce daga duwatsun Carolina ta fito. Sunanta dai babu wanda ya riƙe.

Inna ta ajiye cokali. "Mace ta haifi jama'a kamar ku, a ce ba ta da suna? To ran Juma'a ta iso gidan ga. Jummai ce." Tun daga ranar Jummai ta shiga jerin masu masa.

Jummai ta kuma shiga tatsuniyar Inna. Inna kan buɗe da cewa, "Ga ta nan, ta hawo jirgin D," wato jirgin ƙasan da ke bi ta unguwarmu, mu ce ta sauko mu ji ta, Sani da Turanci, ni da gurguwar Hausata. Labarin na wata mata ce da sojoji suka kori mutanenta daga ƙasarsu, ta kama hanya a ƙasa da goyo a bayanta. Mama ce ta ba Inna zancen korar, sauran kuma Inna ta cike daga aljihunta, shi ya sa a ƙasar Cherokee ɗinta har da kuka da kura da tuwon dawa. Matar ta iso kogin farko, kogi ya ce ba ya ƙetarar da kowa kyauta, ta cire murjaninta ta ba shi. Kogi na biyu ya karɓe waƙoƙin da uwarta ta koya mata. Da ta iso na uku babu abin da ya rage mata, kogi ya ce ko ta ba shi ɗiyar da ke bayanta, ko ta ba shi sunanta.

A nan Inna kan dube mu. "Ku da kun ba da wanne?" Sani kullum cewa yake a ba da jaririyar, don ya ja Inna ta kai masa dundu. Matar dai ta sunkuya ta raɗa wa ruwa sunanta, ta ƙetare da ɗiyarta a bushe. "Shi ya sa ba ku san shi ba," in ji Inna. "Ba ɓata ya yi ba, biya aka yi da shi. Ƙurunƙus kan ɓeran Bronx, ga shi nan ƙato kamar mage."

Mama kan tsaya a ƙofar kicin tana saurare, ni ina juya mata a gurguje. Ban taɓa ganin ta kai ƙarshen labarin da busassun idanu ba.

Na girma, Inna ta rasu, Mama ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. A gadon asibiti ta roƙe ni abu guda, in nemo mata sunan matar nan kafin ta tafi. Na nema da gaske. Na zauna ɗakin ajiye tsofaffin takardu har idona ya yi ja, na tambayi masu kula da tarihin Cherokee, suka karɓe ni da mutunci amma ba su same ta ba. Na je Carolina wurin wata tsohuwar gwaggon Mama, ta ce ita ma haka ta ji ana faɗa. Na aika yawuna aka yi gwajin gano asalin jini, bai nuna Cherokee ba, Afirka ta Yamma ya fi nunawa. Aka ce mini gwajin kan rasa kakan da ya yi nisa, kuma wasu iyalai sun rufe ciwon bauta ne da irin wannan labari.

Na ji nauyin komawa wurin Mama hannu rabbana, har na yi tunanin ƙirƙiro mata suna. Na kasa. Na zauna a bakin gadon na gaya mata duka, na ce wataƙila ma ba koguna matar ta ƙetare ba, teku ne, a cikin jirgin bayi. Mama ta daɗe tana kallon rufin ɗakin, sannan ta ce da Turanci, "Ruwa dai ruwa ne. Ta ƙetare da yarinyar, ga mu nan." Ta matse hannuna, ta ƙara da 'yar Hausarta, "Kar ki cire Jummai."

Da ina yarinya na ɗauka Inna ta shirya labarin ne don ta sa mu barci. Yanzu na gane surukarta take rarrashi, matar da ba su da harshe ɗaya, tana gaya mata cewa danginta ba sakaci suka yi ba. Har yau ban san ko jinin Cherokee na jikina ba, kuma na daina faɗar hakan kamar na sani. Tandar Inna dai tana wurina. Duk Juma'a ina soya masa, in ambaci Inna, in ambaci Mama, in ambaci Jummai. Makon jiya 'yata ta tambaye ni da Turanci wace ce wannan ta ƙarshen. Na rage wuta, na ce ta ɗauko darduma ta same ni a gindin hita.